Tun daren da baƙi suka ceci ɗana na kasa barci

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar jihar Katsina ce, aure ya kawo ni Legas, muna zaune a gidan haya a Agege. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai kwana a gida ba. 'Ya'yanmu biyu, mace mai shekara shida da namiji mai shekara uku, kuma namijin sikila ne. Surukata ta ce kada mu kuskura mu faɗa wa kowa, saboda bakin mutane, da kuma gudun kada a ƙi auren yayarsa nan gaba. Na bi maganarta, ko maƙwabtan da muke haɗa banɗaki da su ba su sani ba.

Wata biyu da suka wuce, cikin dare, jikinsa ya yi zafi, ya yi fari fat, ya saki. Babansa yana hanyar Maiduguri. Na fito tsakar gida ina kuka, ban san inda zan nufa ba. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi, wadda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ta karɓe shi ta goya, ta je ta tayar da wani mai Keke Marwa. A asibiti aka ce sai an ƙara masa jini. Wani mutum da ya kawo matarsa haihuwa ya ji, ya bayar da nasa, ya tafi ban ko ji sunansa ba. Mai keken ma ya ƙi karɓar ko sisi.

Yaron ya warware, alhamdu lillahi, amma ni ban warware ba. Ba na barci, sai in yi ta tashi ina taɓa jikinsa ina sauraron numfashinsa. Kullum ina tunanin da matar nan ba ta fito ba fa? Kuma kunyarta nake ji, har ɓuya nake in na ji motsinta, don ban san da me zan biya ta ba. Maigidana ya ce raunin imani ne. Ni kuma so nake in tattara in koma gida wurin iyayena. Me kike gani?

Wata uwa, daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah ya ƙara wa yaro lafiya.

Bari in fara da maganar maigidanki, don na san ita ta fi yi miki ciwo. Abin da ke damunki ba raunin imani ba ne. Mahaifiyar Annabi Musa, alaihis salam, Allah da kansa ya yi mata ilhama ta saka jaririnta a kogi, ya kuma yi mata alkawarin zai dawo mata da shi. Duk da wannan alkawari, Suratul Ƙasas ta ba mu labarin cewa ta wayi gari zuciyarta wayam, saura kaɗan ta tona asirin kanta, ba don Allah ya ɗaure mata zuciya ba. To ina ga ke da kika riƙe ɗanki ya saki a hannunki, a garin da ba ki da uwa ba ki da uba? Ki kuma lura da hannun da Allah ya zaɓa ya tsare Musa: matar Fir'auna, wadda ba ta san uwarsa ba, ba ƙabilarsu ɗaya ba. Na tabbata maigidanki ba da mugun nufi ya faɗa ba. Maza da yawa idan abu ya fi ƙarfinsu sai su rufe shi da gajeriyar magana, kuma ba zan yi mamaki ba idan shi ma tuƙi yake da fargaba fal cikinsa duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara cikin dare.

Tsoronki yana da dalili, kuma dalilin yana cikin wasiƙarki. A duk gidan nan ke kaɗai kika san abin da ke jikin yaron. Mai gadin da ba shi da mai canjinsa ba ya runtsawa, kuma haka kika zama. Matar nan ta goya ɗanki ta yi gudu da shi ba tare da ta san me ke damunsa ba. Da a ce kin sume a hanya, ko tashin hankali ya ɗaure miki harshe, ba ta da abin da za ta gaya wa likita, alhali kalmar “sikila” kaɗai a bakin ƙofar asibiti tana canza yadda za a karɓi yaro da saurin da za a yi a kansa. Zuciyarki ta gane cewa taimakon daren nan ya zo ne ba tare da shiri ba, shi ya sa take tambayarki ko zai sake zuwa. Amsar da zan ba ki ita ce ki daina jiran ya zo da kansa. Mutanen kirki kin riga kin gan su da idonki, suna nan kewaye da ke. Abin da ya rage shi ne su san abin da ake ciki tun da rana tsaka, kafin wani daren.

Wannan ya kawo mu ga surukarki. Ba zan ce ki raina maganarta ba. Ta ga yadda ake yi da mutane, ta san akwai gidajen da aka fasa aure saboda an ji akwai sikila a dangi, kuma jikarta take karewa. Amma tana Katsina, ke kuma kina Agege da yaro a hannu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba shela nake cewa ki yi ba. Mutum uku ko huɗu sun isa: Mama mai burodi, mai keken nan, wata maƙwabciya da kika yarda da hankalinta, sai malamar makarantarsa idan ya fara zuwa. Kada ke ki tunkari surukarki da wannan. Aikin ɗanta ne. Ki zauna da maigidanki ranar da ya huta, ba ranar da ya sauko daga mota a gajiye ba, ki ba shi labarin daren nan dalla-dalla, har da abin da kika ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi. Sannan ki tambaye shi: idan kana Maiduguri, wa kake so ya san ciwon ɗanka? Shi zai san yadda zai lallashi mahaifiyarsa.

Kuma ki cire wa ranki cewa wannan abin kunya ne na gidanku ku kaɗai. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila a duniya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba ya ciwon, kamar ke da maigidanki. Yarabawa sun san ciwon nan sarai. Zai yi wuya a ce Mama mai burodi ba ta taɓa ganin mai shi ba a danginta ko a layinsu, kuma mai yiwuwa tun a asibiti ta ji abin da likitoci suka ce, ta yi shiru ne kawai don ta ga ba ki so a sani.

Idan za ki gaya mata, kada ki tsaya a sunan ciwon. Ki koya mata abin da kika sani, in kuma akwai abin da ke ma ba a koya miki ba, ki tambaya a asibiti ranar da za ku koma. Ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120 suna aiki, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne, shi ya sa jininsa kullum a ƙasa yake, kuma zazzaɓin da wani yaron zai sha ya tashi, shi yana iya kayar da shi cikin 'yan awoyi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye inda kowa zai gani. Idan ya kai 38, asibiti za a tafi, ba kemis ba, ba kuma a ba shi farasitamol a jira gari ya waye ba. Ki nuna mata yadda ake jan fatar idonsa ta ƙasa a duba ko ta yi fari, da tafin hannunsa, da leɓɓansa. Ki roƙi nas ta ɗora hannunki a cikinsa, ɓangaren hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ta nuna miki inda saifa take da yadda ake gane ta kumbura, domin a yara masu shekarunsa saifa takan tara jini farat ɗaya, yaro ya yi fari ya saki. Numfashi da sauri ko ciwon ƙirji, karkacewar baki, hannu ko ƙafa su ƙi motsi, magana ta harɗe, duk waɗannan ba a jira da su ko minti ɗaya.

Sai ki samu 'yar jaka guda ki rataye a bayan ƙofa. A ciki a sa katin asibitinsa, da takarda mai ɗauke da sunansa da rukunin jininsa da magungunan da yake sha, an rubuta da Turanci yadda kowace nas za ta karanta, da lambar babansa, da ɗan kuɗin mota, da zani da rigar sanyi. Ki nuna wa Mama mai burodi inda take. Ki karɓi lambar mai keken, ki gaya masa gaskiya cewa wata rana za ki iya kiransa ƙarfe biyun dare, kuma ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa daga yau zai riƙa karɓar kuɗinsa. Kyauta ta farko ta Allah ce, ya samu ladarsa, amma mutumin da ke ciyar da iyali da keke bai kamata ki riƙa jin nauyin kiransa ba, kuma biyan kuɗin shi zai cire miki wannan nauyin. Lambobin gaggawa na jihar Legas, 112 da 767, su ma ki rubuta su a jikin bango. Ki kuma san wa zai kwana da yayarsa idan kun tafi asibiti, don a wasiƙarki ba ki faɗi inda kika bar ta a daren nan ba, kuma na san wannan ma yana cikin abin da ke cin ki.

Zancen jini kuwa, akwai abin da nake so ki sani don ya rage miki jin cewa kun gaza. Likitoci sun fi son a ƙara wa mai sikila jinin mai AA, wato wanda babu gadon sikila a jininsa ko kaɗan. Ke AS, babansa AS. Wato ko da babansa yana tsaye a wurin a daren nan, da wuya a ce jininsa ne ya fi dacewa da ɗansa. Iyayen mai sikila dole su buƙaci jinin wasu, ba don sakaci ba, haka ciwon yake. Saboda haka maigidanki yana da aikin da ya fi cewa ki yi haƙuri. Agege cike take da 'yan Arewa tun kaka da kakanni, ga masallatai, ga 'yan uwansa direbobi. Ya nemi matasa uku ko huɗu masu lafiya, ya gaya musu yana da yaro mai buƙatar jini lokaci zuwa lokaci, su je a gwada su a san rukuninsu. Namiji lafiyayye yana iya bayar da leda ɗaya duk bayan wata uku ba tare da ta cutar da shi ba. Za ki sha mamakin yadda samari ke amsa irin wannan kira idan an yi musu shi da mutunci. Mutumin da ya bar matarsa a ɗakin haihuwa ya miƙa hannu saboda ɗan da bai sani ba, irinsa suna da yawa, ba a tambayarsu ne kawai.

Akwai kuma wasu baƙin da nake so ki nema da ƙafarki. Ranar asibitin masu sikila, kada ki zauna a ƙarshen benci kin rufe fuska da hijabi kina jiran a kira lambarku. Ki dubi matar da ke kusa da ke, wadda ɗanta ya kai shekara goma sha biyu yana ta tsalle a baranda, ki yi mata sallama, ko da da guntun Turancin buroka ne. Ita ta san wace nas ce ke samun jijiya a hannun yaro ba tare da ta yi ta soka ba, ta san inda ake samun magani da sauƙi, ta san yadda ake sa yaro mai ƙin ruwa ya sha. Fiye da wannan duka, ganin ɗanta a raye yana wasa zai yi miki abin da maganata ba za ta yi ba. A Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, akwai cibiyar Sickle Cell Foundation Nigeria, gidauniyar da Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafawa a 1994. Suna da masu ba iyaye shawara, kuma ana yin gwajin TCD, wanda ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa don a gano yaron da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta same shi. Ana son a riƙa yi wa yara masu SS, wato masu ciwon sikila irin ɗanki, daga shekara 2 zuwa 16, duk shekara, kuma ba allura ba ciwo. Idan ba a taɓa yi wa ɗanki ba, lokaci ya yi. Ki kuma tambayi likitansa game da hydroxyurea, maganin da ke rage yawan tashin ciwon. Likitocinmu a Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, sun yi bincike mai zurfi a kan amfaninsa ga yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Likita ne zai ce ya dace da shi ko bai dace ba, kada ki saya da kanki. Folic acid ɗinsa, da maganin rigakafin maleriya da aka rubuta masa, da allurar rigakafi, da gidan sauro, da ruwa a kai a kai, waɗannan kin san su.

Sai dai in ja kunnenki. Da zarar magana ta fita, masu kawo magani za su zo. Wata za ta ce akwai mai jiƙon da ke mayar da SS ya koma AA, wani zai ce iska ce, wata ta ce abiku ne, wata ta ce wabi. Yawancinsu da zuciya ɗaya suke faɗa, ki yi musu godiya ki bar shi a nan. Babu jiƙon da ke canza jinin da aka haifi mutum da shi, kuma wasu haɗe-haɗen suna lalata ƙoda da hanta. Wanda ya goya miki yaro zuwa asibiti ki riƙe shi hannu biyu. Wanda zai hana ki zuwa asibiti, ko da ɗan uwanki ne, ki yi masa fatan alheri daga nesa.

Yanzu batun ɓuya. Ƙanwata, ki daina, tun yau. Matar nan ba bashi ta ba ki ba, kuma ina jin tsoron kada ta ɗauka wani laifi ta yi miki, ko kuma ki bar ta da tunanin cewa Bahaushiya ba ta iya godiya ba. Ki soya waina ko ki dama fura mai kyau, ki riƙe hannun yaron, ku je ƙofar ɗakinta. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda ake gaida uwa, ai su Yarabawa sun fi kowa sanin darajar wannan. Ba sai kin iya yarenta ba. Ki ɗora mata yaron a cinya ta ga yadda ya murmure. In kuka ya zo miki ki yi abinki, ita ma uwa ce. Daga nan ki riƙa sayen burodinta, ki aika mata da naman Sallah, in ba ta da lafiya ki leƙa ta. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma bai ware ƙabila ko addini ba. Shi kuwa mai jinin da ya tafi ba suna, an koya mana cewa wanda ya yi mana alheri muka rasa abin saka masa, mu yi masa addu'a. Ki sa shi da matarsa da jaririnsu a sujadarki. Wata rana kuma za ki ga wata yarinya a bencin asibiti, an gaya mata sakamakon gwajin ɗanta yanzu-yanzu, ta rasa inda za ta sa kanta. Ki matsa kusa da ita.

Komawa gida kuwa, ra'ayina shi ne kada ki yanke wannan hukunci da idon da bai yi barci ba. Na san daɗin gaban uwa, kuma ba zan hana ki shi ba. Amma ki auna. Ba ki faɗa mini ko a cikin birni iyayenki suke ko a ƙauye ba, kuma tazarar da ke tsakanin gidansu da asibitin da ke da jini a ajiye ita ce tambaya ta farko. Sanyin hunturun Katsina da zafin bazararta duka suna iya tayar da ciwon sikila. Ga likitocin da suka riga suka san yaron, ga aurenki. Kuma idan kin koma da sirrin nan a ƙunshe kamar yadda yake, tsoron zai bi ki har ɗakin mahaifiyarki. Abin da na fi so shi ne maigidanki ya ɗauko miki ƙanwarki ko wata gwaggo ta zo ta yi wata biyu ko uku, ku riƙa karɓa-karɓa, ki samu darare a jere da wani ne ke sauraron numfashin yaron ba ke ba. In kin samu natsuwa, ki je ganin gida da katinsa da magungunansa, a lokacin da ba sanyi. Idan bayan duk wannan kun zauna ke da shi kun ga zaman gida ya fi, to ku yi shi da shiri, a san asibitin da za a koma tun kafin a hau mota.

Ke ma kuma mai jinya ce yanzu. Wata biyu ba barci ba ƙaramin abu ba ne. Idan an yi waɗannan gyare-gyare amma har yanzu gabanki na faɗuwa ba dalili, daren nan yana dawo miki kamar yanzu ake yi, abinci ya fita ranki, ko kuka yana zuwa miki ba kya iya tsayar da shi, ki gaya wa likitan yaron da bakinki cewa ke ma kina son a duba ki. Damuwar da ke biyo bayan firgici ciwo ce da aka sani, tana da magani, kuma zuwa neman sa ba hauka ba ne. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, a ranar za ki faɗa wa wani, kada ki kwana da shi.

Ita kuma yayar tasa, idan ba a gwada jininta ba a gwada. In AA ce, hankalin kakarta ya kwanta. In AS ce, lafiyarta ƙalau, abin da ake buƙata kawai shi ne idan ta girma ta auri mai AA, kuma gwaji kafin aure ya zama ruwan dare yanzu, jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Ku ma ku biyu ku zauna da masu ba da shawara kafin wani cikin, domin tsakanin AS da AS kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari ya zo da SS. Ki riƙa jan yarinyar a jiki, ta ga abin da ya faru a daren nan ko ta ji, kuma yara sukan haɗiye tsoro ba su faɗa ba.

Allah ya raya miki su, ya ba ki barci mai daɗi. Ki sake rubuto mini bayan kun yi magana da maigidan.